Tsagewa Ce, Ba Karaya Ba

Ku da kuke cewa ɗori ba wani aiki ba ne, wai a ja ƙafa, a jera kara, a naɗe da bandeji, shi ke nan, ku matso ku zauna. Makon jiya aka kawo mini wani ɗan acaɓa daga Ƙafin Maiyaki. Abokansa sun kalli yadda ake yi a waya, suka ɗaure masa hannu da kansu, ya kwana uku a haka. Da na kwance, yatsun sun kumbura sun fara baƙi, don sun ɗaure tamau har jini ya rasa hanya. Allah ya sa da sauran kwanan hannun. Wanda ya yi ɗaurin yana tsaye a kaina yana rantsuwa wai abin da ya gani shi ya bi. Na tambaye shi ko wayar ta nuna masa inda jini ke wucewa.

Sunana Hadi, amma a Tudun Wada in ba ka ce Maɗori ba, ba wanda zai nuna maka gidana. A hannun mahaifina na koya, kuma sai da na yi shekara biyar bai bar ni na taɓa ɗan Adam ba. Kaji da awaki nake ɗorawa. Ranar kasuwa ya kan karɓo ƙafar rago wurin mahauta da fatarta, ya karya ta a bayan ɗaki inda ban gani ba, ya miƙo mini, ya ce in rufe ido in faɗa masa a ina ta karye, kuma a kwance ta karye ko a karkace. In na faɗi daidai ba ya cewa komai. In na kuskure sai ya fere fatar ya nuna mini, ya ce gobe ma akwai rago.

Kayan aikin ba su da yawa. Gora ce, wadda ake kawo mana daga wajen Doguwa, a tsaga ta siriri, a fere da wuƙa har sai ta daina cizon fata, a saƙa da zare kamar ƙaramin asabari. Sai auduga, da man kaɗe, da tsumman tsohon zane wanda wanki ya lausasa, don sabon yadi yana yanka. Bandeji daga baya ya zo. Amma duk wannan kowa zai iya saya. Abin da ba a sayarwa shi ne babban yatsa. Da shi ake bin ƙashi a ƙarƙashin kumburi, mutum yana ihu, danginsa suna salati a kanka, kai kuwa ba ka jin kowa sai abin da yatsan ke gaya maka.

Masu zuwa wurina, akwai wanda ya faɗo daga mangwaro, akwai wanda sa ya take, akwai matar da ta zame a bakin rijiya. Da babura suka yi yawa aiki ya ninka. Da ƙwallo kuwa ta kama garin nan, sai zaurena ya koma kamar na samari.

Wani dillalin masara, Alhaji Sabo, shi ya kafa kulob ya sa masa suna Guguwar Tasha. Ba wasan unguwa ba ne. Albashi yake biyan 'yan wasa duk wata, ya ɗauki koci, ya sayi bas aka rubuta sunan kulob a jikinta. Shi ya zo har gida ya ce yana so in riƙa bin su duk inda za su yi wasa. Na bi su kaka shida. Aikin a fili daban yake da na zaure. Yaro ya faɗi, alƙalin wasa ya ɗaga hannu, ka ruga da jaka, kuma kafin ka ƙirga ashirin dole ka gane wanda ya ji ciwo da wanda ke cin lokaci. Mai cin lokaci birgima yake yana leƙen alƙali. Wanda ya ji ciwon gaske ba ya birgima, wuri ɗaya yake kwanciya ya riƙe ciyawa. 'Yan kallo kuwa ko ka fitar da yaro ko ka mayar da shi, zagi za ka sha.

A kaka ta shida wani attajiri ya sa kofi tsakanin kulob-kulob na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Mu muna da Rabi'u, ɗan gaba, mai lamba bakwai. Iyayensa suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga ƙauyensu, mahaifinsa yana kamun kifi, yana ɗan noman rani a fegin da bai kai a kira shi gona ba. Na ga 'yan ƙwallo da yawa a kwance da tsaye, ban ga mai gudu da ƙwallo a ƙafa irin nasa ba. Shi ya kai mu wasan kusa da na ƙarshe, kuma a wannan wasan ne wani ɗan bayan Doguwa ya sa masa takalmi a ƙwauri. Ya tashi ya ƙarasa wasan, muka ci.

Washegari da hantsi koci ya kawo shi a babur, Alhaji Sabo ya biyo su a mota. Na kwantar da Rabi'u a tabarma na bi ƙwaurin da yatsa tun daga gwiwa. Kumburin ba shi da yawa. Amma ƙasa da tsakiya akwai wuri ɗaya, bai fi faɗin kwabo ba, da na danna sai gumi ya keto masa. Na miƙe ƙafar na buga dunduniyar da tafin hannu, ya zabura, kuma ba dunduniyar ya kama ba, wancan wurin ya kama.

Abu huɗu ke kawo mutum wurin maɗori. Targaɗe, jijiya ce ta murɗe. Gocewa, ƙashi ya bar mazauninsa. Karaya, kowa ya san ta. Ta huɗun ita ce tsagewa, kuma ita ce mai yaudara, don mutum yana iya taka ƙafar har ya yi tafiya. Kamar tsagaggiyar tukunya take, tana riƙe ruwa a ajiye, sai ranar da aka cika ta aka ɗaga.

Na yi musu wannan bayani, na ce kwana arba'in ba gudu ba tsalle, kuma in da hali a kai shi Kano a ɗauki hoton ƙashin. Wasan ƙarshe kuwa saura kwana tara.

Alhaji Sabo ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam Hadi, ni ban san waɗannan rabe-raben ba. Ya karye ko bai karye ba?"

Na ce, "Bai karye ba, Alhaji, amma ya tsage."

Ya ce, "To alhamdu lillahi, tunda bai karye ba."

Ya kakkaɓe babbar rigarsa ya ce maganar hoto a bari sai bayan wasa. Na shafa wa Rabi'u man kaɗe, na naɗe da bandeji, ban sa gora ba, don tsagewa ba ta buƙatar gora in mai ita zai zauna. Na ce ya zauna.

Ana saura kwana biyu ya dawo shi kaɗai bayan azahar, ya tsuguna ya gaishe ni. Ya ce labari ya zo cewa wani babban kulob na birni zai turo mutane su kalli wasan, kuma sunansa suka tambaya. Yana so in ɗaure ƙafar ɗauri mai ƙarfi wanda zai riƙe ta awa ɗaya da rabi. Na ce babu irin wannan ɗaurin, ko a wurina ko a wurin wani. Na ce masu kallo za su sake zuwa baɗi. Ya ce ba sa zuwa sau biyu, ya ga waɗanda suka jira baɗi, suna tasha suna lodin buhu.

Ya ce, "Baba, kai ka gaji sana'a. Ni me na gada? Gonarmu tana ƙarƙashin ruwa."

Na ce ƙafar da ya zo da ita ita ce gonarsa, kada ya sa mata wuta don girbin rana ɗaya. Ya yi godiya ya tafi, kuma daga yadda ya yi godiyar na san bai karɓa ba.

A Bebeji aka yi wasan, don kada a ce an fifita wani. Abokan karawarmu Giwayen Kwana ne, daga wajen Kiru. Tun azahar filin ya cika, mutane a kan katanga, a kan itatuwa, a kan rufin motoci. An kewaye filin da igiya, kofin yana kan tebur an lulluɓe shi da farin yadi. Mu aka ba mu wani ajin makaranta mu sa kaya a ciki, magoya bayanmu sun cika tagogi.

Ina shiga na tarar da wani mai kemis da Alhaji ya zo da shi, ya kwance bandejina daga ƙafar Rabi'u, yana zuƙar ruwan allura. Na tambayi ta mece ce, ya ce ta kashe zafi. Na ce zafin nan shi kaɗai ne mai gadin ƙafar, in aka kashe shi ba abin da zai hana yaron taka ta da dukan ƙarfinsa. Koci ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar usur. Sai na juya wurin Alhaji, kuma na ɗaga murya, wanda ban saba ba.

Na ce, "In yaron nan ya shiga, ƙafar nan za ta karye kafin a tashi."

Alhaji Sabo ya ce, "Malam Hadi, ɗori muka ɗauke ka, ba duba ba. Ɗauki jakarka ka je benci."

Rabi'u bai dube ni ba. Ya miƙa ƙafar aka yi masa.

Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin ya yi wasa irin na ranar ba. Giwaye suka fara cin mu da ka, daga bugun kwana. Kafin hutun rabin lokaci Rabi'u ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya wuce mutum uku, ya ajiye ta a kusurwar raga. Baƙin nan biyu na birni suna zaune kusa da teburin kofi, na ga ɗaya ya taɓa ɗaya yana nuna shi. A hutun na matsa na ɗaga safarsa. Wurin ya tashi kamar ƙwan agwagwa, kuma da zafi a hannu. Na ce wa koci ya isa haka, an gan shi, a fitar da shi. Koci ya dubi inda Alhaji ke zaune. Mai kemis ya ƙara wa Rabi'u wata allurar.

Da aka dawo, shi ya kawo ƙwallon da kyaftin ɗinmu ya ci ta biyu. Ana saura kamar minti goma a tashi, aka jefo masa wata doguwa ta gefen hagu. Ba wanda ya taɓa shi. Ya kafa ƙafar zai juya, sai muka ji ƙara kamar an taka busasshiyar gora, har daga benci. Ɗan bayan Giwaye da ke binsa ya tsaya cak ya ɗora hannu biyu a ka.

Ban jira alƙali ba. Da na isa, ƙashin ya huda fata ya huda safa. Ku riƙe wannan: irin wannan ba a ja, ba a mayarwa, ba a shafa mai. Duk maɗorin da ya ce zai ɗora ƙashin da ya ga rana, kabari yake haƙa wa mutum. Na yanke safar, na rufe ciwon da tsumma mai tsabta, na danne inda jinin ke zuba, na jera gora yadda na sami ƙafar ba tare da na miƙe ta ba. Rabi'u yana ta tambayata me ya faru, don allurar ba ta sake shi ba, ƙarar kawai ya ji.

Muka fito da shi a kan ƙyauren aji. Na aika a gaya wa Alhaji a kawo bas, asibiti za mu, Kano. Amsar da ta dawo ita ce a ɗan jira a tashi, saura kaɗan, kuma bas ɗin da ita za a zaga da kofi. Wani mutumin Kiru, mai akori-kura da ya kawo rake sayarwa, magoyin bayan Giwaye har da tutarsu a jikin madubi, shi ya zubar da sauran rakensa a ƙasa ya ce a sa shi. Mun hau kwalta ke nan muka ji usur ɗin tashi da ihun mutanenmu. Biyu da ɗaya. Rabi'u ya tambaya wa ya ci, na ce mu. Ya ce baƙin fa, sun ga ta farkon? Na ce sun gani. Daga nan allurar ta fara sakinsa.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Aka sa masa ƙarfe, ciwon ya yi ruwa, aka sake buɗewa, ya yi watanni a kwance. Baƙin birni, an ce mai tsaron gidan Giwaye suka ɗauka. Alhaji Sabo ya je asibiti sau ɗaya, da kofin, aka ɗora shi a gefen gado aka ɗauki hoto.

Kafin in dawo gida magana ta riga ni. Waɗanda ke tagogi sun ji abin da na faɗa, sun kuma ga ba wanda ya taɓa yaron. Sai aka ce bakina ne. Wasu suka ce haushin mai kemis ya karɓe mini aiki ne ya sa na yi masa baki, wasu suka ce mutanen Kiru ne suka saye ni, shi ya sa ma a motarsu na tafi. Allura ba wanda ya ambace ta. Alhaji bai ce ni ne ba, bai kuma ce ba ni ba ne, ya dai aiko a karɓi rigar kulob da ke wurina. Wata safiya na fito na tarar an rubuta "mai baƙin baki" da gawayi a bangon zaure.

Wannan ita ce mummunar shekarar. Ina zaune a ƙofar gida za a wuce da mai karaya a babur, a wuce ni, a tafi wani gari. Wata mata ta kawo ɗanta da gocewar gwiwar hannu, aikin da ba ya kai tafasar shayi, na riga na kama hannun sai maƙwabciyarta ta leƙo ta raɗa mata magana, ta fizge yaron ta fita ba sallama. Gorar da na fere ta bushe a rataye har gara ta shige ta. Da rani ya yi na bi masu zuwa dashen shinkafa a bakin kanal, ina sunkuye cikin taɓo tare da sa'o'in 'ya'yana. Yatsun da mahaifina ya yi shekara biyar yana gyarawa suka faffashe, har na fara tsoron ko za su ƙara jin ƙashi.

Fulani ne suka dawo da ni. Da damina wani Arɗo daga gefen Falgore ya zo da ƙanensa, sa ya take masa cinya. Na ce wa Arɗon kafin in taɓa, gara ya san abin da ake faɗa a kaina a garin nan. Ya ce ya ji. Ya ce su ba ruwansu da ƙwallo, an dai ce musu akwai wanda ya dubi ƙafa ya ce za ta karye, ta kuwa karye, kuma irin wanda ya san haka suke nema. Na ɗora cinyar, ta kama. Daga rugage labari ya koma ƙauyuka, daga ƙauyuka ya dawo cikin gari. Waɗanda suka wuce ni suka riƙa dawowa ɗaya ɗaya, kowa ya yi sallama kamar jiya muka rabu. Ba wanda ya ce a yafe masa, ni ma ban tambaya ba.

Rabi'u sai bayan shekara biyu ya zo. Lokacin yana sayar da soyayyen kifi a bakin hanyar Tiga. Ya shigo yana ɗingishi, kafaɗa ɗaya tana faɗuwa duk taku, ya zauna ya naɗe wando ya ce in duba ko akwai abin yi. Na bi ƙashin. Ya haɗe, amma a karkace, kuma ƙafar ta gaza 'yar'uwarta da kusan yatsa biyu. Na ce masa babu, sai dai baduku ya ƙara wa takalmin tudu.

Ya ce ya sani, ya zo ne dai ya ji daga bakina. Ya ce bai taɓa yarda da maganar baki ba, ko rana ɗaya, amma bai iya fitowa ya ƙaryata ba, don lokacin yana sa ran Alhaji zai nema masa wani aiki. Na ce ya wuce. Ya sauke wandon, ya daɗe yana kallon gorar da ke rataye.

Sannan ya ce, "Baba, ranar da aka fara kawo ni, da ka ce musu karaya ce, ka jera mini waɗannan tun daga gwiwa har idon sawu, wa zai sa ni a fili? Ni kaina da na haƙura."

Na ce ai ba karaya ba ce a lokacin.

Ya ce, "Na sani. Gaskiya ka faɗa." Ya tashi ya yi mini sallama.

To ga abin da ban taɓa faɗa wa masu koyo ba sai yau. Tun daga ranar, duk ɗan ƙwallon da aka kawo mini da tsagewa, karaya nake cewa. In jera masa gora mai nauyi, in naɗe har ya kasa sa takalmi, in ce kwana arba'in, in ce duk wanda ya kwance alhaki a wuyansa. Manomi ko makiyayi ina gaya masa ainihin abin da ke jikinsa, don ba mai tsaye a bayansa da allura. Ɗan ƙwallo kuwa a'a.

Bara wani koci bai yarda ba, ya ɗauki yaronsa da ɗorina a ƙafa ya kai shi Kano aka yi hoto, sai dai kafin ya samu sukunin zuwa wasansu ya riga ya wuce, an kuma cinye su. Ya same ni a kasuwa ranar Juma'a, gaban masu gora, yana kaɗa hoton a fuskata. Ya ce tsagewa ce kawai, na ja musu asarar kofi, tsoho da ni ina ƙarya. Mutane suka taru. Na karɓi hoton na ɗaga shi a rana, na ga layin siriri a ƙwaurin, daidai inda yatsana ya ce. Na miƙa masa abinsa na ce haka ne, ƙarya na yi, ya je ya faɗa wa duk wanda ya ga dama.

Yaron yana tsaye a bayansa, a kan ƙafa biyu.